Shaidar da Na Makara da Ita a Kan Malam Ishawu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2018, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Ishawu, mutumin Zangon Kumasi, a wani asibiti da ke unguwar Jamaica, Queens, a birnin New York, bayan jinyar wata biyu. Ni Alkasim, da na fi kowa cin arzikinsa a garin nan, ban leƙa shi ko sau ɗaya ba. Da kunya nake wannan rubutu.

Malam, kai ka tarbe ni a filin jirgi a 2004, ina rawar ɗari cikin 'yar shara. Ka cire rigar sanyinka ka yafa mini kana dariya, ka ce New York ba ta san ɗan babban gida ba. Wata huɗu ina kwana a falonka, ina cin waken matarka Hajiya Hamdatu, ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Aikinka kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekara shida kana jinyar wani tsohon malamin tarihi, Ba'indiye, wanda idonsa ya mutu, kai kake karanta masa littattafansa. Can ka samo labaran da kake cika mana kunne da su. Ka ce shekara dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce, Hindu sun kasa mutane gida huɗu, malaman addini a sama, masu hidima a ƙasa, kowa ya mutu inda aka haife shi. Cikinsu Buddha ya taso, ɗan sarauta, ya bar gidan ubansa yana cewa aikin mutum ne darajarsa, ba haihuwarsa ba. Mukan tsokane ka da Malam Indiya, kai kuma ko a jikinka.

A 2015 limamin ƙaramin masallacinmu ya koma gida. Kowa ya san babu mai karatun Saani, direban tasi, mahaddaci. Da aka ce shi za a ba limancin, ni na miƙe a taro na ce ba zan bi ɗan wanzami salla ba, ubansa ne ke aske kan iyayenmu a zango. Ka jawo mini ayar da ta ce mafificinmu shi ne mafi tsoron Allah, na kau da kai. Sai ka ba da labarin wani wanzami da, a ruwayar mabiya Buddha, aka karɓa cikin almajiransa kafin 'ya'yan sarakunan da yake yi wa aski, dole suka rusuna masa. Ka dube ni ka ce:

“Alkasim, mutanen da ba su da Alƙur'ani sun gane wannan. Mu da muke da shi, mene ne uzurinmu?”

Aka yi mini dariya. Abin da zuciya ta ba ni shi ne in ce Ishawu ya fara kafa mana hujja da gunki. Ayar da ka fara kawowa kuwa na haɗiye ta. Na faɗa a masallaci, na faɗa a shagunan titi na 116, magana ta yi ƙafa har Kumasi, ta dawo ta zama wai ka bar Musulunci. Na san ƙarya ce, domin na sha ganin ka kana shimfiɗa kwali kana salla a bakin titi. Na yi shiru saboda shirun ya yi mini daɗi.

Aka daina kiranka suna da ɗaurin aure. Ka koma wani masallaci mai nisa don kada a rabu biyu saboda kai. Duk Sallah sai ka kira wayata, ina kallo har ta katse.

Mu goma sha ɗaya muka sallace ka, mutumin da ya sauki rabin jama'armu a gidansa. Saani ne ya yi maka wanka, shi ya ja sallar, na tsaya a bayansa ban mutu ba. A maƙabarta 'yarka Khadijatu ta tambaye ni da Turanci ina sauran abokan babanta. Na ce mata aiki ya riƙe su. Hajiya Hamdatu ba ta ɗaga murya ba da na je gaisuwa, cewa kawai ta yi:

“Ɗan'uwa, har ya cika yana cewa a bar maka kujera kusa da gado.”

To ga shaidata, duk wanda ya ji waccan magana ya ji wannan. Malam Ishawu Musulmi ne, ya rayu yana salla, ya cika da kalmar shahada. Bai taɓa kiran kowa zuwa wani addini ba, tarihi ya karanta ya yi mana wa'azi da shi. Ni na ƙaga maganar, saboda girman kai. Juma'a mai zuwa zan tashi bayan sallama in maimaita haka da bakina.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Hamdatu, Khadijatu, da dangi na Kumasi, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ni kuwa, Allah ya sa ka yafe mini kafin ka tafi, domin ban zo na roƙa ba.