Abincin Surukata a Tsibirin Denmark

Har yau idan na wuce masu kifi a kasuwar Woolwich sai raina ya ɓaci, kuma ɗana ne ya ja mini.

A nan London aka haife shi, a nan kuma ya ga yarinyar da ya ce zai aura, 'yar Denmark. Ta musulunta, tana da ladabi, ban da abin cewa. Ya matsa sai na je na ga iyayenta kafin a sa rana. Muka hau jirgin sama, muka hau na ruwa, har muka isa wasu 'yan tsibirai, inda iska ta kusa raba ni da mayafina.

Uwar yarinyar ta tarbe mu da fara'a, ta zaunar da mu a tebur. Ga baƙin burodi mai tauri an shafe shi da man shanu, an ɗora kifi jiƙaƙƙe a ruwan tsami, da ɗanyar albasa. Komai da sanyinsa, tukunya ko ɗaya ban ga tana tururi ba. Yunwa kuwa kamar ta kashe ni. Amma wace mace ce za ta zauna gaban surukarta ranar farko ta hau ci? Da ta miƙo mini faranti sai na ce na gode, na ƙoshi. Ina jira ta sake cewa, ta nace, in ɗan taɓa.

Matar nan ta ɗauke farantin! Suka ci nasu ina kallo, har da ɗana, yana ƙari. Na zauna ina tafasa, na ce a raina wannan aure da sake.

Da la'asar ya same ni a ɗaki, fuska a ɗaure.

"Mama, she's crying, mamanta kuka take yi. Sabbin tukwane da wuƙaƙe ta saya saboda ke, ta fitar da naman alade daga gidan tun last month. Ta ɗauka ƙyamar su kike."

Na ce, "Kai da bakinka, me ya hana ka gaya mata kunya nake ji?"

Ban jira amsarsa ba, na tafi kicin na same ta, idonta jawur. Na nuna mata kifin, na nuna bakina. Na ci yanki uku a tsaye, tsamin yana hawa mini har ka, ita kuma tana dariya tana share hawaye. Ba zan ce da daɗi ba, amma ya ciyu. Aure kam daga baya an yi shi.

A jirgin ruwa, da za mu dawo, na sake tsare shi da tambayar. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Amma Mama, ke kika ce kin ƙoshi."

Ba rainin hankali yake mini ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Na haife shi, na goya shi, ya girma a gabana, amma ashe shi ma yadda Baturiyar nan ta ji ni haka ya ji ni.