Ƙyallen Girmama Baƙi da Takardar da Ke Cikin Dosiyena

Aikina a rubuce yake cikin takardar da aka ɗauke ni da ita: in kula da ɗakin majigi na cibiyarmu ta horar da manoma a Tasawa, in tabbatar kowane fim ya fito sarai, hoto da murya tare, tun daga farko har ƙarshe. Haƙƙina a kan hukuma shi ma a rubuce yake: kada a hukunta ni sai an bincika. Na sauke nawa. Ina rubuta wannan ne ga abokan aiki, musamman sabbin shiga, domin ba a sauke nata ba.

Ranar Talatar da manoman Hawandawaki suka zo tare da wani babban baƙo daga Maraɗi ba za ta fita daga raina ba. Ga wanda bai san ɗakin ba: akwai ordinatar, wato kwamfuta, a kan teburin gaba, a cikinta akwai lojisiyel da ke tara finafinanmu yana tura su ga majigi. Ni ina zama a baya da telekomand, ina sarrafa su daga nesa. Fim ɗin ranar yana koyar da yadda ake gane murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, kuma ana nuna ta kusa da kusa ne bayan minti ashirin.

Minti ashirin na farko ba abin cewa. Daga nan hoto ya fara tsalle, ya farfashe gida-gida, murya ta wuce gaba ta bar shi. Mai bayani yana cewa a dubi yadda take tafiya, tsutsa kuwa ta ƙame a bango. Wani dattijo, Baba Ɗan Jimma, ya ɗaga murya ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci a nan:

"Mushe, wagga ta fi ta gonata ladabi. In irinta za ku kawo muna, ku kawo."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Baƙo bai yi ba. Direktanmu, Mushe Abdu, shi ma bai yi ba.

Washegari na bi ƙa'ida. Na buɗe fim ɗin a wata na'ura: lafiya lau, ke nan ba shi ne ya lalace ba. Na kwafe shi daga kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, zuwa cikin ordinatar. Na sauya igiyar da ke zuwa majigi. Na shiga saitin lojisiyel, na mayar da aikin warware hoto ga sashen da aka gina domin haka, na daidaita saurin hoton da na majigi. Na duba kuran, ko wutar lantarkin ce ke wasa. Sannan na kalli fim ɗin ni kaɗai sau uku, tsutsa ta yi tafiyarta ba tuntuɓe. Na rubuta a rajista cewa an gyara.

Bayan mako biyu wasu baƙi suka zo. Minti ashirin da ɗoriya, tsutsa ta sake ƙamewa. Na goge lojisiyel na sake zuba shi, na gwada, lafiya. Zuwan baƙi na uku, haka.

A ranar Mushe Abdu ya kira ni biro, wato ofishinsa.

"Malam Lawali, in kai kaɗai ne fim shina tafiya. In manya sun zo sai shi tsaya. Mi kake so in fahimta?"

"Ranka ya daɗe, ni ma abin da nake nema ke nan."

"Ni na riga na samu."

Aka ba ni takardar neman bayani, wadda ta zarge ni da kunyata cibiya da gangan a gaban baƙi. Na amsa cikin kwana biyu kamar yadda doka ta ce. Aka sa takardar a dosiyena, fayil ɗin aikina, amsar kuwa ban san inda aka sa ta ba. Ga sabbin shiga: muddin irin wannan takarda tana cikin dosiye, ba a duba sunan mutum a ƙarin girma. Shekarata goma sha ɗaya ba ta taɓa shiga nawa ba.

Na koma ga rajista. Direkta yana da gaskiya a abu guda: duk ranar da hoto ya lalace akwai baƙi, duk ranar da babu baƙi bai lalace ba. Na yi kwanaki ina tunanin abin da baƙo ke yi wa na'ura daga kan kujerarsa.

Amsa ta zo a ziyara ta huɗu. An watse, na je gaba in kashe ordinatar, na tarar da sakatariyarmu, Madam Rahila, tana yaye ƙyallen da ke kanta tana yarfe hannu.

"Wash! Kamar an sauke tukunya."

"Madam, kullum haka yake?"

"Kullum mana. Sai na rataye shi ya huce kafin in ninke. Kai ba ka taɓa taɓa shi ba?"

Ban taɓa ba. Ƙyalle ne mai kauri, an yi masa ado da zare, an rubuta Barka da Zuwa. Matan wata ƙungiya a Mayahi suka ba cibiya shi kyauta, kuma direkta ya fitar da umarni a rubuce cewa duk ranar manyan baƙi a lulluɓe ordinatar da shi har ƙasa. Na gan shi sau huɗu, ban shigar da shi rajista ba, domin ban ɗauke shi kayan aiki ba. Wannan kuskurena ne, na amsa shi.

Ordinatar tana shaƙar iska ta gefe tana fitarwa ta baya. In an toshe, sai ta yi zafi, ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, hoto ya fara zubewa. Na gwada a gaban Madam Rahila: da ƙyalle sau uku, ba ƙyalle sau uku. Sakamakon bai saɓa ko sau ɗaya ba. Ta sa hannu a matsayin shaida.

Na kai rahoto. Mushe Abdu ya karanta har ƙarshe, ya ce aiki ya yi kyau.

"To ranka ya daɗe, a cire ƙyallen, a cire takardar."

"Ƙyallen kyauta ne. In matan Mayahi suka zo ba su gan shi ba, mi zan ce masu? Kuma ba a nuna wa baƙo na'ura tsirara, igiyoyi ko'ina."

"Takardar fa?"

"Takarda ta ce hoto ya lalace gaban baƙi. Ya lalace ko bai lalace ba?"

Ya lalace. Aka sallame ni daga biro.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe: in hoto ya lalace, kada ku tsaya ga saitin lojisiyel. Ku rubuta duk abin da ya bambanta ranar da jiya, har abin da aka yi don alheri. Kuma ku sani, a wannan aiki ya fi sauƙi a zargi ma'aikaci da a ɗaga ƙyalle.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon hukumar da ke sama da mu ta turo kwamitin bincike, kuma a cire takardar daga dosiyena kafin zaman ƙarin girma mai zuwa. Binciken ba zai ci fiye da rabin awa ba: su zauna, in sa masu fim ɗin murzuna. Ba sai sun nemi a kawo ƙyallen ba. Manyan baƙi ne, umarni ya riga ya tanada.