Ruwan da na ɗiba a bayan shingen waya

Ko yau da nake da jikoki, akwai wata rana da ba ta fita daga raina. Lokacin ana aikin madatsar Bakolori, maigidana ya samu aikin lebura, ya ɗauko ni daga Dakko da ɗiyata 'yar wata bakwai. Muka kama ɗaki a gefen kwatas ɗin ma'aikata. Shi ya fita tun asuba sai magariba, ni kuwa ban san kowa ba. Da jaririya nake hira.

Famfo ɗaya ne a unguwar. Ranar da na fara zuwa, matan duk da bokitai, ni da tulu. Wata ta ce, "A ba 'yar ƙauye hanya kar ta fasa tulun gadonta." Aka kwashe da dariya. Ban sake komawa ba.

Sai na gano wani ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin wani shingen waya, garau da shi, ba kowa wurin. A garinmu an ce ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, haka na tashi na ji. Na riƙa cika randa da shi, muna sha har da jaririya, har ina jin daɗin na huta da mutane.

Kwana huɗu yarinya ta fara zawo. Ta daina kama nono, idanunta suka zurma. Duk da haka na goya ta na koma ɗiba, don in wanke tsummokaranta. Ina duƙe sai na ji murya: "Ke ɗiyata, mi za ki yi da ruwan ga?" Wani dattijo ne cikin shingen, da dogayen takalman roba da manjagara a hannu.

Na ce, "Wanki, Baba. Da sha."

Ya yar da manjagarar. "Sha? Innalillahi! Zo ki gani."

Ya nuna mini manyan tafkuna uku a jere. Ya ce duk bayan gidan kwatas ta bututu yake zuwa nan. A na farko dauɗa ke kwantawa, a na biyu ya ƙara tacewa, a na uku rana ta gama da shi. Aikinsa ke nan, kar ƙazanta ta kai gulbi inda mutanen Bakura ke sha. "Ko na ƙarshen, shuka muke ba, ba ɗan Adam ba. Naki kuwa daga na biyu yake yoyo."

Ya taɓa maɗigar yarinyar, ya ji ta faɗa. Ya ce, "Asibiti, yanzu."

Na ce, "Baba, maigida bai ba ni izini ba."

"Ni zan tare shi a ƙofa in gaya mishi. Tafi!"

Kwana uku muka yi a asibitin Mafara ana yi mata ƙarin ruwa. Kowane gado ana kawo masa kwanon abinci da 'yan dubiya, ni ina zaune ina ƙirga numfashinta. A rana ta uku ta laluba ta kama nono. Na yi kuka har matar gadon kusa ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sha, wannan na famfo ne."

Allah ya raya ta. Amma na san da hannuna na ɗura mata ciwon nan, don kawai ina gudun a yi mini dariya. Tun daga ranar, duk inda na sauka baƙuwa, sai na tambayi daga ina ruwansu yake fitowa kafin in kai shi bakin yaro. In za a yi dariya a yi, ba a kwana asibiti don ita.