Ledar da na cusa a ƙafar motar Malam Ɗayyabu

Kafin a fara nuna ni da baki a Funtuwa, ni bakanike ne da ake yabo. Ba zan faɗi sunana ba, saboda 'ya'yana suna makaranta. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Mota na shigowa gareji, kafin direba ya kashe ta na san ciwonta. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan ce in mota ta yi ƙwas idan an taka birki, kada in yi saurin zargin birkin. A fara duba notocin taya. A ɗaga ta a jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama. In ta yi lilo, ciwon a ƙafar motar yake, birki tona shi kawai ya yi.

Da ƙananan abubuwa na fara. Ragowar baƙin mai in ɓoye, fulogi mai sauran rai in ce ya mutu. Ba wanda ya kama ni, sai idona ya buɗe. Na koma in an kawo mini sabon kaya in ɓoye shi, in wanke tsohon da fetur in mayar, sabon kuma in sayar a bayan tasha. Duk ranar da na yi haka nakan ji tsoro, amma kwana biyu na manta.

Lokacin kakar masara Malam Ɗayyabu ya zo. Direban haya ne tsakanin Funtuwa da Malumfashi, da wata tsohuwar mota wadda ƙofar gabanta sai an ɗaga take rufuwa. Ya girme ni, amma Oga yake ce mini.

Ya ce, "Oga, in na taka birki sai in ji ƙwas daga gaba, hannun dama. Kullum ƙaruwa take yi, wallahi ta fara ba ni tsoro."

Na duba notoci, lafiya lau. Na duba birki, yana da sauran nama. Da na ɗaga ta na girgiza tayar, sai ga ta tana lilo a hannuna. Bol-join ne ya cinye, wato gaɓar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar mota. Da bakina na ce masa, "Malam, in wannan ya tsinke kana gudu, durƙushewa motar za ta yi." Nan da nan ya je ya sayo sabo ya miƙo mini, ya wuce sallar Azahar.

Kafin ya dawo na gama. Na yanki leda na cusa a cikin tsohon, na cika shi da giris, na daddaka bakinsa da guduma har ya matse. Sabon na jefa ƙarƙashin benci. Muka zaga gari yana taka birki, shiru. Ya ce, "Kai Oga, hannunka da albarka." Ƙarar da take yi masa gargaɗi na kashe, ƙafar tana nan da ciwonta.

Bayan kwana huɗu Inna, mahaifiyata, za ta je barka Kafur. Na goya ta a babur zuwa tasha. Motar da ke lodi ta Malam Ɗayyabu ce.

A tasharmu direba ba ya karɓar kuɗin mota daga uwar bakanikensa, kuma gidan gaba ake ba ta. Yana hango ta ya roƙi wani fasinja ya koma baya, ya kakkaɓe mata kujera. Kujerar nan a kan ƙafar dama take.

Na ce, "Inna, ki bari ta gaba ta zo."

Malam Ɗayyabu ya yi dariya. "Haba Oga, motar da ka gyara da hannunka?"

Inna ta ce, "Rabu da shi, Malam. Tun yana yaro ya cika tsoro."

Maganar ta zo har bakina. Na waiga, ga direbobi birjik, rabinsu na taɓa motocinsu. Na ji tsoron abin da za su yi mini in na faɗa. Ni da kaina na ɗaga ƙofar na rufe mata.

Na koma gareji. Na kira Inna, ta ce sun wuce Bakori lafiya, in daina damun ta. Na yi ajiyar zuciya. Ban kai ga zama ba wayata ta yi ƙara, lambar Inna, amma muryar wani namiji.

Shanu ne suka tsallako hanya. Malam Ɗayyabu ya danna birki, ƙafar ta karye, motar ta wuntsila cikin gona. Wani mai sayen hatsi, uban 'ya'ya biyar, ya rasu a wurin. An yanke wa Malam Ɗayyabu hannu. Inna ta karye a ƙugu.

Wani bakanike a Malumfashi ne ya buɗe bol-join ɗin a gaban direbobi, ya zaro ledar. Da 'yan sanda suka zo, sabon yana nan ƙarƙashin benci, tsoro ya hana ni sayarwa. Ban yi musu ba a kotu. Shekara uku na yi a gidan yari.

Sau ɗaya Inna ta zo, ƙanena na riƙe da ita. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Abu guda nake so in ji. Lokacin da ka rufe mini ƙofa, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Inna."

Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya shirye ka." Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da na fito na je na durƙusa gaban Malam Ɗayyabu. Ya ce ya yafe nasa, amma na mamaci ba nasa ba ne. Na je gidan mamacin sau uku, ba a fito ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu noma nake yi a Gozaki, ba mai ba ni mota, ni ma ba na nema. Ina tuba kullum, ina kuma tsoron ranar da zan tsaya da mutumin nan gaban Allah.

Ku matasan da ke koyon sana'a, ku ji ni. Ragowar baƙin mai ce ta kai ni nan. Kada ku taɓa abin da aka ba ku amana, kome ƙanƙantarsa. In kuma kun riga kun yi, ku faɗa tun ana iya tsayar da motar, ko da za a yi muku duka a tsakiyar tasha. Direba kuwa, in motarka ta yi ƙwas, ka tsaya a kan bakanike har ka ga tsohon kayan a hannunka.

Inna tana gidana yanzu. Ta yafe mini, ta faɗa a gaban mutane. Amma da sanda take tafiya, tsakar gidan kuma siminti ne. Duk lokacin da ta tashi za ta yi alwala, ina jin ta daga ɗaki, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kunnen nan nawa bai taɓa kuskure ba, na san wanda ya yi wannan aikin.