Jan Ƙyalle a Ƙofar Tela

Mai Almakashi ake ce mata a layinsu, ko da yake ba ita kaɗai ce tela ba. Shagonta ɗan ɗaki ne a gaban gida. Keken ɗinki na bakin taga, teburin yanka kuma an tokare ƙafarsa ɗaya da guntun bulo, sai wani gwangwanin madara cike da maɓallai.

A da, komai lokaci guda take yi. Waya na maƙale a kafaɗa, tukunya na kan wuta, maƙwabciya na zuba mata labari, ita kuma tana yanka. Kai ya yi ta sara mata, ta idar da sallah ba ta san abin da ta karanta ba. Ran da ta yanka wa riga hannun hagu biyu, ta zauna ta dube su, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ɗauko wani jan ƙyalle ta ɗaure a mariƙin ƙofa, ta sanar da kowa: in yana ɗaure yanka take yi, in ba gobara ba, a jira. Wayar ma sai ta kashe ta, ta tura cikin kwandon zare.

Aka yi ta gunaguni, wai girman kai ne. Ta ci gaba da ɗaure ƙyallenta.

Wata safiya wata malamar asibiti ta kawo mata yadi tsohon yayi, ruwan ganye, wanda mahaifiyarta ta rasu ta bari ba a ɗinka ba. So take a yi wa 'yarta riga da shi. Mai Almakashi ta auna, ta sake aunawa. Da ƙyar zai isa, ga shi babu irinsa a kasuwa. In almakashi ya kauce ko kaɗan, shi ke nan.

Ta sallami malamar, ta ɗaure ƙyalle, ta yi bisimilla, ta fara zane da alli. Sai ga yayarta tana dukan ƙofa.

“Ke, buɗe! Ni ce.”

“Yaya, lafiya dai?”

“Ɗan naki ne zai ƙarasa ni, wai aikin zai bari!”

“To, ba gobara ba ce. Ga benci nan a inuwa.”

“Ni za ki zaunar a benci? Ni da na share miki majina? Tsumman nan ya fi ni daraja ke nan?”

Mai Almakashi ta dakata da zane. Ta san Yaya, in ta yi fushi, gaisuwa ma sai da roƙo. Ta ajiye allin, ta numfasa.

“Ki yi haƙuri, Yaya. In na buɗe yanzu, ba zan ji ki da kyau ba, yadin ma ba zan gan shi da kyau ba. Ku biyun duk zan cuta.”

Aka ja dogon tsaki. Can sai ta ji benci ya yi ƙara.

Ta yanka gaba, ta yanka baya, ta fitar da wuya a hankali. Hannu na biyu, na dama, daga can gefen ƙarshe ya fita. Abin da ya saura bai kai tafin hannu ba. Ta ce alhamdulillahi, ta kwance ƙyalle.

Ta haɗa shayi, ta jawo kujera, ta juya wa keke baya. Yaya ta fara a cije, daga baya ta saki jiki ta amayar da duk abin da ke ranta, har aka kira azahar. Ko zare ɗaya ƙanwar ba ta taɓa ba.

Ran da malamar asibiti ta zo karɓa, sai ta kifa fuskarta a kan rigar. Yaya na zaune a wurin, tana kallon ƙanwarta ta gefen ido. Da Yaya za ta tafi ta tsaya a ƙofa, tana murza jan ƙyallen.

“Ke, kina da wani irinsa? Jikokin nan sun hana ni karatun safe.”

“Sai dai ki tanadi benci, Yaya.”

“Ja'ira. Miƙo.”