Kwaɗin Ramin Ƙarshe

Ni ɗan manomin gyaɗa ne daga Korgom, lakwal, wato makarantar boko, kaɗan na taɓa. Shekarar da aka samu 'yancin kai na samu aiki a wani gidan yin takalman roba a bakin gulbi. Ranar da aka ba ni kaki, har kasuwa na zagaya don a gan ni.

Aikina shi ne kula da ramukan ruwan wankin roba, baƙi mai yaji a hanci. Nakan zuba masa lasho, farin garin nan na shafen bango, ya kwanta rami bayan rami kafin a sake shi gulbi. A ramin ƙarshe akwai kwaɗi. Jami'in da ke zuwa duba ruwa, wanda muke kira mushe, ya ce muddin suna raye, dabba ma za ta sha lafiya.

Da bikin 'yanci ya matso, kowa na son farin bango. Wani mai kanti ya roƙe ni in sayar masa da lasho kwano ɗaya. Daga kwano sai buhu. Na sayi keke, na sayi rediyo, 'yan mata suna kirana Na Gidan Roba. Kaina ya yi girma.

Ramuka suka rasa lasho, kwaɗi suka mutu. Sai na riƙa kamo wasu a tabki ina zubawa da safen ranar da mushe zai zo. Yakan leƙa, ya ce madalla, ni kuwa ina dariya a ciki.

A ƙasa da mu a gulbin Baba Agali, wani tsohon makiyayi, yake shayar da shanunsa. Kullum yana ba ni nono kyauta. Wata rana ya ce ruwan ya canza wari. Na rantse masa lafiya lau ne.

"To, ɗana, tunda kai ka faɗa," ya ce, ya kora su suka sha.

Kafin sati garkensa ya ƙare. Mushe ya zo ba sanarwa, ya tarar da ramin shiru. Jandarmomi suka kai ni gidan kaso a Tasawa.

Da na fito na nemi Baba Agali har Issawane. Na same shi yana kiwon awakin wani. Ya ce ya yafe, amma bai miƙo mini ƙwaryar nono ba.

Samari, in aka ba ku tsaron abin da jama'a za su sha, kada ku taɓa ko kwano ɗaya. Ni har yau in damina ta sauka kwaɗi suka fara kuka, ba na iya cin tuwo.