Ranar da Aka Yi Lodi da Gemuna

Ni ne wawan wannan labari, kuma gara in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni. Bokona a aji huɗu ya ƙare, amma a fannin sanin mutanen Birni shehin malami nake ɗaukar kaina.

Ina da jika mai karatu a Samaru. Kullum daga gidanmu na Ƙofar Galadima take tafiya, don ubanta ya ce ba ta kwanan makaranta. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini ango mai furfura. Zirga-zirga ta koya mata doka ɗaya: ba ta shiga motar da ke tsaye. Takan taka zuwa Ƙofar Doka, ta wuce masu lodi, ta jira a bakin titi sai wadda ta taho da mutanenta a ciki, ko da a kan murfin inji za ta zauna.

Ana gobe za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, wadda in ta kuɓuce sai baɗi, na ce ina raye ba za a kai amaryata a kan inji ba. Ɗan maƙwabcina direban bas ne, ni na riƙe ƙafar ragon sunansa. Na aika aka kira shi.

"Baba, ko ba fasinja ko ɗaya, don ƙanwata zan tashi," in ji shi. "Ku dai fito bayan asuba."

Yarinya ta ce, "Ango, ka bar ni in bi hanyar da na sani."

Na ce ba a musu da miji daren jarrabawa. Uwarta ta san gaskiyar 'yarta, amma surukata ce, sai ta sunkuyar da kai.

Da muka isa tasha, motar ta kusa cika. Direba ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe mini gidan gaba, har da goge kujera da tsumma. Jikata ta zauna a bayana. Ɗan kamasho yana buga jikin mota yana cewa, "Samaru, saura biyu. Ga Baba nan a gaba, kun taɓa ganin an shanya dattijo?" Na gyara zaman hula. Ban ɓoye ba, na ji daɗi.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta leƙo, ta dube ni, ta shiga. Wani tela da ƙullin ɗinki ya shiga. Ɗalibai uku suka tsaya suna shawara, ɗayansu ya matso tagata.

"Baba, don Allah da gaske yanzu za a tashi?"

"Direban nan ɗana ne," na ce. "Ku shiga."

Abin da ban lura ba shi ne, duk wanda ya shiga, sai wani daga baya ya sauka, wai zai sayo ƙosai, ko zai kewaya, kuma ba ya dawowa. Saura biyun nan ba ta raguwa. Jikata ta sunkuyo kunnena.

"Waɗannan da muka tarar ba matafiya ba ne. 'Yan tasha ne, ana zaunar da su don a ga kamar ta cika. Ga wata can ta taho, bari in sauka."

Na ce ta zauna, mutum ya ba ni alkawari a zaurena. Motoci biyu suka wuce muna kallo. Sai daga baya na gane su 'yan tashar ana ba su na shayi, ni kuwa kyauta na yi aikin, kuma na fi su iyawa.

Sai da rana ta fito sosai muka tashi. Mun ɗan gota Tudun Wada wayar direba ta yi ƙara. Ya amsa a hankali, yana ta "to, to, yanzu kuwa." Can sai ya gangara gefe ya ce mota ta yi zafi, in sauka ya ɗaga kujera ya duba inji, kowa ma ya sauka a rage mata nauyi. Yaron mota ya mayar wa mutane kuɗinsu. Ƙafar telan na taɓa ƙasa, inji ya tashi da murɗi ɗaya. Direba ya juya kan mota ya leƙo.

"Baba, a yi haƙuri, shata ce ta faɗo. Kayan ɗakin amarya zan kai ƙauye. Yanzu wata za ta zo."

Ta zo kuwa, da ƙannenta, kowace cike har ƙofa. Lokacin ma'aikata ne, 'yan acaɓa ma duk da mutum a baya. Ɗaliban nan suna ta kallona, da ma zagina suka yi. Da ƙyar jikata ta samu acaɓa. Ko da ta isa, an daɗe da rufe ƙofar ɗakin jarrabawa.

Har yau direban nan yana durƙusa mini a ƙofar masallaci, yana tambayar lafiyar ƙanwarsa. Ina amsawa, don ubansa na kallo.

Ranar da abin ya faru, da la'asar na sami jikata a tsakar gida tana wanke hijabinta. Na ce amarya, ba ta ɗago ba. Na gyara murya na ce kada ta damu, baɗi kai tsaye wurin shugaban tasha zan je, tare muka yi makarantar allo.

Ta matse hijabin ta shanya, sannan ta juyo.

"Malam, baɗi alfarma ɗaya nake nema a wurinka. Ranar jarrabawata, kada ka san kowa."